Ma'auni Biyu a Tarbiyyar 'Ya'yan Baƙar Fata na Amurka



Akwai wata magana da ta shahara a bakin Baƙar Fata na Amurka, cewa uwa horon 'yarta take yi, ɗanta kuwa ƙaunarsa take yi. Watau ita yarinya tun tana ƙarama ake ɗora mata girki da rainon ƙanne da riƙon karatu, ana nanata mata kada ta dogara ga kowa. Shi kuwa yaro lallaɓa shi ake yi, in ya yi laifi a kau da kai. Wanda ya hangi abin daga nesa sai ya ɗauka son kai ne irin na iyaye. Amma ruwa ba ya tsami banza.

Tushen al'amarin tsoro ne. A shekarar 1955 wasu fararen fata suka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Jihar Misisifi, bisa zargin ya yi wa wata farar mace rashin kunya, kotu kuma ta sallame su. A 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, yana riƙe da bindigar wasan yara. A wannan shekarar ce binciken Phillip Goff da abokan aikinsa ya nuna cewa idan aka zargi baƙin yaro da babban laifi, masu kallonsa sukan ƙara masa fiye da shekara huɗu a kan shekarunsa na gaskiya. Uwar da ta san waje ba ya ɗaukar ɗanta yaro, tilas ta mai da gida wurin da zai yi ƙuruciyarsa.

Kuskuren da ke ciki shi ne zaton cewa yarinya ta tsira. A 2017 wata cibiya a Sashen Shari'a na Jami'ar Georgetown ta gano cewa tun daga shekara 5 manya suke ganin baƙar yarinya ba ta bukatar kulawa da kariya kamar farar takwararta, suna kuma ɗauka ta san al'amuran manya. Rahoton da Kimberlé Crenshaw ta jagoranta a 2015, wanda ya dogara ga alkaluman Ma'aikatar Ilmi, ya nuna cewa ana dakatar da baƙaƙen yara maza daga makaranta ninki uku na fararen, mata kuwa ninki shida. Duk da haka, shirin My Brother's Keeper da Shugaba Obama ya kafa a 2014 maza kaɗai ya dosa, har mata fiye da 1,000 suka sa hannu a wasiƙa suna neman a haɗa da 'yan mata.

Daɗin daɗawa, ƙarfin halin da ake koya wa yarinya shi ne ake komawa a zarge ta da shi. Rahoton Daniel Patrick Moynihan na 1965 ya lissafa shugabancin mata a cikin gida daga cikin abubuwan da suka raunana iyalin Baƙar Fata. Ke nan an ɗora mata kaya, sa'an nan an ga laifinta don ta iya ɗauka.

Bilhasali, kowannensu ya yi asara. Yaron da ba a saba masa da ɗaukar nauyi ba yakan fita cikin duniyar da ba ta yafe masa kuskure ko ɗaya. Yarinyar da aka ce ba ta gajiya takan girma ba ta san yadda ake neman taimako ba. Ga malami a aji da ma'aikacin da ke tsara manufa, abin lura shi ne cewa wanda bai yi kuka ba ba lalle ne ba shi da ciwo.