Fanshon Ƙasashen Waje da Takardar Haraji a Ƙasar Kankiya da Kusada



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau, da jin sunansa mutum zai ce ai wannan zancen mutanen Ikko da Abuja ne, ba ruwan mutumin Kankiya ko na Kusada da shi. Ni ma da haka na ɗauka, har ran da wani dattijo daga wani ƙauye da ke tsakanin Kankiya da Yashe ya same ni da takardu cike da jaka. Wannan bawan Allah ya yi shekaru masu yawa yana aikin jinya a Ingila, ya yi ritaya, ya komo gida ya yi gini, kuma kowane wata fanshonsa na shigowa ta banki. Da ya je neman takardar mallakar fili a wani ofishi, sai aka ce ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Ya ce ai shi ɗan fansho ne, kowa kuwa ya san ba haraji a kan fansho. Akawun ya dube shi cikin ladabi ya ce, “Baba, fanshon wa?” A kan wannan tambaya ta akawu laccata za ta tsaya.

Kafin mu shiga cikin doka, ya kamata mu tuna inda muka fito, domin yawancin ruɗun da ake yi gādonsa muka yi. Kakanninmu sun san kuɗin ƙasa, sun san jangali, sun san kuɗin karofi, tun kafin Bature ya zo. Da Turawa suka ci ƙasa sai suka tattara waɗannan suka mai da su haraji, kuma a nan Katsina ne, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da shawarar Razdan Palmer, aka fara kafa Baitulmali, daga nan sauran En'e-En'e suka ɗauka. A wancan tsari ba a tambayar talaka ya faɗi abin da ya samu. Mai unguwa ya san gidansa, dagaci ya san gonarsa, hakimi ya kai kuɗi birni, shi ke nan. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke wannan haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta har zuwa 1987 da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Tun daga lokacin, da yawa daga mutanenmu suka ɗauka cewa haraji ya zama abin ma'aikacin gwamnati kawai, wanda ake yanke masa daga albashi tun kafin kuɗin su zo hannunsa. Watau ba mu taɓa sabawa da mutum ya zauna da kansa ya rubuta wa hukuma abin da ya samu a shekara ba. Alhali kuwa abin da dokar yanzu ke nema ke nan.

Dokar harajin kuɗin shiga ta mutum ɗaya ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, ta ce ana ɗora haraji a kan abin da mazaunin ƙasa ya samu, ko daga cikin Nijeriya ya fito ko daga wajenta. Sababbin dokokin haraji da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025, waɗanda suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ba su rushe wannan ginshiƙi ba. Abin lura a nan shi ne kalmar mazauni. Doka ba ta dubi fasfo ba, inda mutum yake zaune take duba. Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar nan cikin wata goma sha biyu mazauni ne, haka kuma wanda gidansa na dindindin da iyalinsa da harkokinsa suke nan. Saboda haka dattijon da na ambata, ko da yana riƙe da fasfon Ingila, tun da ya tare a ƙasar Kankiya ya zama na hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina, domin harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, in ban da sojoji da 'yan sanda da wasu kaɗan da nasu ke zuwa ga Tarayya.

To, ina maganar cewa ba haraji a kan fansho ta samo asali? Tana da tushe. Dokar gyaran fansho ta 2014, a sashe na 10, ta ce duk abin da aka biya mutum na ritaya a ƙarƙashin wannan doka ba a ɗora masa haraji. Ku lura da kalmomin nan: a ƙarƙashin wannan doka. Malamin makarantar da ya yi ritaya a Kusada, yana karɓar fanshonsa bisa dokar ƙasar nan, hankalinsa kwance. Amma kuɗin da wata hukuma a London ko Paris ko Washington ke biya, ba a ƙarƙashin dokar 2014 ake biyansu ba, don haka mai karɓarsu ba shi da ikon ya yanke wa kansa hukunci cewa inuwar nan ta rufe shi.

Akwai kuma wata inuwa ta biyu da ake yawan fakewa a ciki. Doka ta yafe haraji a kan wasu kuɗaɗe da aka samo a waje aka shigo da su ta hanyar da gwamnati ta amince, kamar ribar hannun jari, da kuɗin ruwa, da kuɗin haya, da ladan mallakar fasaha. Mutane sun ji wannan, sai suka faɗaɗa shi suka ce duk kuɗin da ya shigo asusun dala ko na fam ya tsira. Ku karanta jerin da idonku, ba za ku ga sunan fansho a ciki ba.

Kada kuma a haɗa fansho da aike. Kuɗin da ɗa ke turo wa mahaifiyarsa daga Jidda ko daga Amurka don cefane da magani kyauta ce, ba ladan wani aiki da ta yi ba ne, ba a lissafa shi cikin kuɗin shiga. Fansho kuwa ladan aikin da mutum ya yi ne da ƙuruciyarsa aka jinkirta masa biya. Na nanata wannan ne saboda tun da aka fara zancen sababbin dokoki, jita-jita ta cika kasuwa cewa za a yanki kaso daga duk abin da ya faɗo asusu, har wasu tsofaffi suka tsorata da banki.

Yanzu bari mu yi lissafi, don 'yan'uwana ɗalibai su ga nauyin abin. A tsarin da ya fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, naira 9,000,000 na gaba kashi 18, haka yake ta hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Alal misali, a ce mutum yana karɓar fam 500 a wata, watau fam 6,000 a shekara, a ce kuma an canza kowane fam a kan naira 2,000. Ya samu naira miliyan 12 ke nan. In aka ɗauki wannan duka a matsayin kuɗin da haraji ya hau, ba tare da wani rangwame ba, mataki na biyu zai ci naira 330,000, na uku ya ci naira 1,620,000, jimla naira 1,950,000. A farkon 2023, kafin a saki farashin naira a watan Yuni na shekarar, fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, watau wannan fansho ɗin bai kai naira miliyan 4 ba. Ba a ƙara wa tsohon nan ko sisi a London ba, amma a takardar Katsina ya ninka fiye da sau uku. Wannan ne ya sa batun da ba wanda ya kula da shi da, yanzu ya zama abin zama a tattauna.

Sai dai na ce ba tare da rangwame ba, rangwamen kuwa yana nan, kuma shi ne dalilin da ya sa ɓoyewa wauta ce. Bayyana kuɗi daban, biyan haraji a kansu daban. Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashe da dama don kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Ta Ingila an sa mata hannu a 1987, akwai kuma ta Faransa, da Kanada, da Holan, da Beljiyam, da Afirka ta Kudu, da Sin, da Pakistan, da wasu. Irin wannan yarjejeniya takan ƙunshi sashe a kan fansho, inda aka fayyace ƙasar da ke da hakkin karɓa, takan kuma bambanta fanshon wanda ya yi wa gwamnati aiki da na wanda ya yi wa kamfani. Ba a yi musu ɗinki iri ɗaya ba, don haka wajibi ne a buɗe wadda ta shafi mutum a karanta, kada a yi kiyasi da ta maƙwabci. Doka kuma ta tanadi a rage wa mutum harajin da ya riga ya biya a waje daga abin da ake binsa a nan, muddin ragin bai wuce harajin da Nijeriya za ta ɗora wa kuɗin ba. Amma wanda bai rubuta fanshon a takarda ba, ta ina zai nemi ragi a kan abin da ya ce babu shi?

Amurka ta fita daban, domin ba mu da irin wannan yarjejeniya da ita. Wanda ba ɗan ƙasarta ba, ba kuma mazauninta ba, in yana karɓar kuɗin tsufa na gwamnatinta, ana yanke kashi 30 daga cikin kashi 85 na kuɗin, watau kashi 25 da rabi na duka, tun kafin su baro can. Irin wannan mutum takardar shaidar yankan nan ita ce garkuwarsa, ya adana ta kamar takardar gona.

Zan ɗan ratse, domin akwai abin da ke cina. Fanshon tsufa na gwamnatin Ingila ana ƙara shi kowace shekara ga mazauna can da wasu ƙasashe, amma wanda ya komo Nijeriya, nasa yana tsayawa cik a adadin da yake karɓa lokacin da ya taho. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ɗanɗana abin da ya fi wannan ɗaci. A 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, har ya zama wanda ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Bafaranshe yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba wani tsohon saja ɗan Sanigal, Amadou Diop, gaskiya, kuma ba a daidaita abin gaba ɗaya ba sai 2011, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A ganina, tsohon da aka daskarar wa fansho a can bai kamata a tsananta masa a nan ba, kuma da ni ne mai yin doka da na yafe ƙaramin fanshon waje kamar yadda aka yafe na gida. Amma wannan magana ce da za a kai majalisa, ɗan majalisar Kankiya da Kusada da Ingawa yana da kujera a Abuja. Ba a gyara doka ta hanyar barin layi fari a takarda.

Wani zai ce, to wa zai sani? Da can gaskiya ba mai sani. A 2017 gwamnati ta buɗe shirin VAIDS, ta ba mutane dama su bayyana abin da suka ɓoye ba tare da tara ba, aka rufe shi a tsakiyar 2018. Nijeriya kuma ta shiga tsarin da hukumomin haraji na ƙasashe da dama ke musayar bayanan asusun banki a tsakaninsu kowace shekara. Ga lambar BVN, ga lambar ɗan ƙasa. Kuɗin da ke faɗowa kowane wata daga wuri ɗaya, adadi ɗaya, sawunsa a fili yake. In kuma mutum bai cika takarda ba, doka ta ba hukuma ikon ta ƙiyasta masa da kanta, ga tara ga kuɗin jinkiri a kai, sa'an nan shi ne zai yi ta faman nuna cewa ƙiyasin ya yi yawa.

Abin da ake bukata daga mai fansho bai da yawa. Kafin 31 ga Maris na kowace shekara ya kai takardarsa ta shekarar da ta gabata. Ya rubuta fanshon cikakke kamar yadda aka biya kafin a yanki komai, da sunan ƙasar da hukumar da ke biya, ya haɗa da takardar ƙarshen shekara da suke aiko masa, da bayanin asusunsa, da shaidar harajin da aka yanke a can. Ya nuna farashin da ya yi amfani da shi wajen mai da kuɗin naira, kuma ya zama farashin hukuma, ba na 'yan canji ba. In yana ganin yarjejeniya ta kare shi, ya faɗi haka a rubuce, ya ambaci sashen, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ku kuwa ma'aikata, da ku ɗalibai da gobe za ku zauna a kan waɗannan kujeru, ku sani tsohon da ya shigo muku da takarda cikin Faransanci ko da lissafin fam, yawanci ba ɓarawo ba ne, rashin sani ne ya kawo shi a makare. In kun tsorata shi, gobe zai ce wa ɗansa ya riƙe kuɗin a can ya riƙa aiko masa ta hannun matafiya, jiha ta yi asarar harajin, banki ya yi asarar ajiyar. Ku ba shi kujera, ku tambaye shi ƙasar da ke biya, da ko gwamnati ya yi wa aiki ko kamfani, da ko an yanki wani abu a can. Dattijon da na fara da labarinsa, waɗannan tambayoyi aka yi masa daga baya, ya cika takardun shekara uku da suka wuce, ya haɗa da shaidar abin da aka yanke masa a Ingila, aka ba shi takardar shaidarsa ya koma neman ta fili.