Limamin da ya ji kukan marayu



Yau zancenmu ya kai mu Amurka, garin New Haven a jihar Connecticut. A can ne wani matashin limamin Katolika, Fada Michael McGivney, ya riƙa ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Magidanci ya rasu yana tsakiyar ƙarfinsa, ya bar mata da 'ya'ya ba ko sisi. Yawancinsu baƙi ne 'yan ƙasar Ayalan, masu aikin masana'anta.

A shekarar 1882 ya tara mazan cocinsa, suka kafa ƙungiyar Knights of Columbus. Tsarinsu mai sauƙi ne. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, kowa ya kawo gudummawarsa, a miƙa wa iyalinsa. Matar mamaci ta samu abin riƙe gida. Marayu su zauna tare da uwarsu.

Fada McGivney ya rasu yana da shekara 38, amma aikin ya ci gaba. A yaƙin duniya na farko 'yan ƙungiyar sun buɗe wa sojoji wuraren hutawa kyauta, ba tare da tambayar addininsu ba. Yau suna raba wa yara rigunan sanyi, suna ba naƙasassu kekunan guragu. Sun taimaka wajen sake gina garin Karamles na Iraƙi bayan ɓarnar mayaƙan IS.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu duba unguwarmu, mu san marayun da ke cikinta, mu haɗa ƙarfi mu riƙe su.

Mu kwana lafiya.