Ƙoda da Farfaɗowa Bayan Cire Gudan Jini a Ƙwaƙwalwa

Yau ina so mu yi magana kan shanyewar ɓarin jiki, amma ta ɓangaren da ba a cika dubawa ba, wato ƙoda.

Mafi yawan shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Akwai allurar da ke narkar da shi, ana yin ta cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon. Akwai kuma aikin zaro shi: a zura siririn bututu ta jijiyar matse-matsi ko ta wuyan hannu, a bi da shi har ƙwaƙwalwa, a janyo gudan. Wani bincike da aka yi a Holan kan mutum 500, wanda ya fito a 2015, ya nuna aikin yana ƙara yawan masu tashi su ci gaba da hidimar kansu. A 2018 aka nuna wasu marasa lafiyar na iya amfana har zuwa awa 24. Sai dai ba kowane asibiti ke yin sa ba.

To ina ruwan ƙoda? Kafin likita ya ga jijiyoyin a hoto, sai an zuba wani ruwan rini mai sinadarin aidin cikin jini, kuma ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari. Lafiyayyar ƙoda tana tace kusan lita 180 a rana, wannan ba komai ba ne a wurinta. Wadda hawan jini ko ciwon suga suka daɗe suna ci ita ce ake ji wa tsoro. Shi ya sa ake auna kireyatinin a jini, a sake aunawa bayan kwana 2 zuwa 3. Wani lokaci likita kan dakatar da metformin na ɗan lokaci.

Amma ku ji ni da kyau, tsoron rinin nan ba dalilin jinkiri ba ne. Yawancin ƙodar da ta ɗan girgiza tana dawowa cikin mako ɗaya ko biyu, ƙwaƙwalwar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Ni abin da ya fi damuna shi ne halin da ƙodar take ciki tun kafin ciwon. Masu tsohon ciwon ƙoda sun fi wahalar farfaɗowa ko da an buɗe jijiyar, domin abin da ya lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda shi ne ya lalata na ƙwaƙwalwa.

Mu dawo gida. Mutum ya faɗi a Tsafe ko Bungudu, baki ya karkace, hannu ya saki. Sai a kwantar da shi a ɗaki, a yi ta shafe-shafe, a ce a bari gari ya waye saboda halin da hanya take ciki. Na san matsalar tsaro gaskiya ce, amma da zarar hanya ta samu, a nufi FMC Gusau ko Asibitin Yariman Bakura, kuma a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, likita zai tambaya. Don Allah kada a ɗura masa ruwa ko kunu. Da yawansu ba sa iya haɗiya, abin sai ya wuce huhu. Rashin ruwa ma, a zafin nan namu, yana cutar da ƙoda, amma maganinsa ƙarin ruwa ne a asibiti.

Bayan sallama, kafaɗar da ta shanye takan yi ciwo, sai 'ya'ya su ruga kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen, ko haɗin nan na ƙulli da ba a san abin da ke ciki ba. Waɗannan suna taɓa ƙoda, suna iya ɗaga hawan jini, ga hatsarin zubar jini idan yana shan aspirin. A tambayi likita tukuna. Idan fitsari ya ragu, ƙafa ko fuska ta kumbura, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.