Jawabi Kan Gyaran Tsohon Jirgin Su

Jama'ar Birnin Gwari! Maganata yau ga masunta take, masu shiga kogin Mariga da dam ɗin Bagoma. Ina so in yi muku bayanin yadda ake gyaran jirgi in ya tsufa.

Ku fara jin wannan labari. Cikin shekara ta 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙasar Yobe, sai ya tarar da jirgi binne. Masana suka auna, suka ce ya kai wajen shekara 8,000. Da icen maɗaci aka sassaƙa shi, irin wanda ke cikin dajinmu. Kun ga ice mai irin wannan ƙarko ba abin yasarwa ba ne don ya tsage wuri ɗaya. Bayan haka, an keɓe dajin Kamuku tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ba a saran ice a cikinsa. Maɗacin da zai isa jirgi kuwa, wanda ya dasa shi ba safai yake ganin ranar sassaƙarsa ba.

To, ga yadda za ku yi. In rani ya yi, ku jawo jirgin tudu, ku kife shi bisa duwatsu saboda gara. Ku sa shi a inuwa, gama rana tana tsaga ice. Ku bi shi da sanda kuna ƙwanƙwasawa. Inda kuka ji amon ya mutu, nan ya ruɓe. Masassaƙi ya sa gizago ya fere ruɓar sarai, har ya kai ice mai rai, kāna ya yi maho da busasshen katako, ya buga ƙusa. Ƙananan tsage kuwa, ku cusa musu tsumma, ku bi da narkakkiyar kwalta.

In an gama, ku bar shi cikin ruwa ya kwana biyu, don icen ya kumbura ya matse. Sa'an nan ku gwada shi a bakin gaɓa, inda ƙafa take taɓa ƙasa.

Kada kowa ya ce, "Ai ina da ƙwaryar kwarfe ruwa." In kogi ya kawo da damina, tsagar da ta yi kamar zare ita ce take mai da yara marayu. Ku gyara tun ruwa yana ƙasa. Allah ya kiyaye mu, amin.