Gashi a Haɓar Mace: Jawabin 'Yan Ajin Yaƙi da Jahilci

 

An ce mu kawo abin da muka ƙaru da shi bana. Lissafin adashi an riga an karanta, don haka za mu taɓo maganar da ake yi a bayan ido.

Akwai 'yar uwarmu, ba za mu kama suna ba, da ta ƙaurace wa kasuwa wata 3 don gashi ya fito mata a haɓa. Masu sayen ƙuli-ƙulinta suka shiga raɗa, wannan ya ce mayya ce, wancan ya ce alamar arziki ce. Jari kuwa ya narke a ɗaki. Mu ma, tsakani da Allah, da mu aka yi dariyar.

Sai da ma'aikaciyar lafiya ta zo ajinmu muka gane. Ashe sinadarin da ke fito wa namiji da gemu da kaurin murya, wato testostaron, mace ma tana da shi, nata dai kaɗan ne. In ya ɗan haura, ko al'ada ta ɗauke wajen shekara 50 sinadarin mata ya ragu, sai gashi ya leƙo. Wata kuma gado ne. Aski ba ya ƙara masa kauri.

Ga wadda ta tayar mana da hankali. In gashin ya haɗu da rikicewar al'ada da ƙuraje da jinkirin haihuwa, yana iya zama larurar da likitoci ke kira PCOS, mai samun kusan mace 1 cikin 10. Da magani, da yawa suna haihuwa. Mata nawa suka ƙarar da kuɗinsu a kan rubutu da turare, alhali ga Babban Asibitin Gaya nan kusa?

Mu 'yan kasuwa kuma da namu laifin. Man bilicin da muke sarowa a Kano, wani akwai sitiroyid a ciki, shi ma yana tsiro da gashi a fuska. Tun 2023 NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin. Akwai riba kam, amma mu 'yan aji mun sauke shi daga kan tirenmu, muna roƙon sauran 'yan ƙungiya su duba.

'Yar uwar tamu ta ga likita, ta dawo rumfarta a nan Balan. Uwar ƙungiya, muna neman a ba ta rancen zagaye na gaba ta tayar da jari.