Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Kan Hanta

A ciwon hanta nau'in B, yawancin ɓarnar daga garkuwar jikinmu take fitowa. Ƙwayar cutar takan ɓuya cikin ƙwayoyin hanta, sai dakarun jiki su bi ta, su rusa inda ta fake. Shekara da shekaru ana wannan artabu, hanta na yin tabo har ta ƙandare.

Akwai kuma nau'in da garkuwa ke far wa hanta babu wata ƙwayar cuta, kuma ya fi kama mata.

Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a je a gwada jini. Jarirai kuwa, a yi musu rigakafin nau'in B cikin awa 24 da haihuwa.