Lacca Bisa Kalmar Nan Ta Turanci, Thunderous

Yau ina so in yi magana bisa kalma guda ta Turanci, watau thunderous. Kada wani ya ce, ashe kalma ɗaya tak ta isa a tara mutane dominta? Ta isa. Gama in tafinta ya juya kalma ɗaya a karkace, sai yabo ya koma zagi, mutum ya yi fushi da waɗanda suka girmama shi. Kai mai karatu, yau ko gobe wani zai kawo maka jarida ko wasiƙa ya ce, "Malam, me Bature ya ce a nan?" Ran nan amana ce aka ɗora maka. Saboda haka ka kasa kunne.

Tushen kalmar shi ne thunder, watau ƙarar da ke biyo bayan walƙiya. Sa'an nan aka liƙa mata wutsiya, ous. Wutsiyar nan aikinta kamar aikin "mai" ne a Hausa. Poison dafi ne, poisonous mai dafi. Danger haɗari ne, dangerous mai haɗari. Haka nan thunderous, abin da ke da halin thunder ke nan. In za ka faɗe ta, sa kan harshenka tsakanin haƙora ka hura iska kaɗan tukuna, kana ka saki sauran. Kalmar thunder tsohuwa ce ƙwarai. Kakannin Ingilishi suna da wani abin bauta mai suna Thunor, wanda suka ɗauka shi ne mai tsawa, daga sunansa kuwa aka sami Thursday, ranar da mu ke kira Alhamis.

To, ga inda wuyar ta ke. Abin da Bature ya tara cikin kalma guda, mu Hausawa mun rarraba shi. Ka tuna da damina a Maiyama, sa'ad da hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, manoma suna gaggawar barin gona. Tun yana nesa sai ka ji gunaguni can ƙasa ƙasa, ita ce cida. In ya matso ya buga wadda ta sa yara suka faɗa ɗaka a guje, ita ce tsawa. In kuwa ta faɗi ta tsaga itace, sai mu ce aradu, ko kwarankwatsa, a ƙasashenmu na yamma kuma a kan ce tarnatsa.

Masana sun bayyana dalilin wannan bambanci. Walƙiya tana gasa iskar da ta ratsa har zafinta ya kai wajen digiri 30,000, kamar ninki 5 na zafin fuskar rana. Iskar sai ta kumbura farat ɗaya, ƙarar kumburin nan ita mu ke ji. Haske ya kan iso nan take, amma ƙara sai ta yi daƙiƙa 5 kafin ta ci mil guda. Walƙiya kuwa doguwa ce. Ƙarar sashenta na kusa ita ke fara isowa, ta sashen nesa tana biye, shi ya sa rugugin ya kan daɗe yana mirginawa.

Riƙe wannan, gama shi ne ma'ana ta fari. Ba kowace ƙara Bature ke kira thunderous ba. Sai wadda ta haɗa abu uku: ƙarfi, da kauri, da rugugi, irin wadda mutum kan ji a ƙirjinsa kamar yadda ya ke ji a kunnensa. Je ka kasuwar Jega ran da ta cika, ga masu talla, ga dillalai, ga kukan awaki. Wannan hayaniya ce, Bature noisy zai ce. Algaita tana da ƙarfi, amma muryarta siririya ce, loud ta ishe ta. Amma in babbar mota ta ɗauko albasar Aliero ta hau gada har ƙasa tana rawa, ko aka kaɗa tamburan sarki, ko dawaki suka zubo a sukwane ran hawan salla, to nan thunderous ta zauna daidai. Haka kuma a Argungu, a bikin kamun kifin nan da aka soma a 1934 don zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Da an ba da alama, dubban masunta su kan ruga cikin Matan Fada da goruna da homa. Dirin ƙafafunsu da ihunsu, shi ne a thunderous roar. Da Hausa sai ka ce, "Wuri ya ɗauki diri," ko "Ƙasa ta amsa."

In kana son ka san iyakar irin wannan ƙara, ga labari. Ran 27 ga Agusta 1883 wani dutse mai aman wuta, Krakatowa, a ƙasar da yau a ke kira Indunusiya, ya fashe. An ji ƙararsa a tsibirin Rodirigis, nisan kusan mil 3,000, har mutanen can suka zaci igwa a ke bugawa a teku.

Ma'ana ta biyu ita ce ramin da tafintoci su kan faɗa. Za ka gani a jarida an ce wani babban mutum ya yi jawabi, jama'a suka amsa da thunderous applause. Applause tafi ne. Mai gaggawa sai ya tuna thunder tsawa ce, ya ce, "Jama'a suka yi masa tsawa." Kai, ɓarna ta auku! Gama a Hausa tsawa tana da wata fuska. Uba ya kan daka wa ɗansa tsawa, alƙali ya kan tsawata wa mai ƙarya. Duk wanda ya ji wannan fassara zai ce an ƙi jawabin, an kunyata mai shi, alhali kuwa murna aka yi da shi matuƙa. Abin da ya kamata ka ce shi ne, "Aka ɗauki tafi raf raf, kamar ɗakin zai tsage." Ka ga ba tsawa ko ɗaya a ciki, amma ma'anar ta fito sarai.

Ta uku, murya. A thunderous voice murya ce mai kauri mai cika wuri. Wani sa'i ta fushi ce, wani sa'i kuwa halitta ce kurum. Sai ka dubi abin da ya gabata cikin labarin. In fushi ne, nan tsawa ta yi daidai, ka ce, "Ya daka musu tsawa." In halitta ce, ka ce, "Muryarsa kamar ta zaki." Akwai kuma wata 'yar'uwarta, stentorian, wadda galibi ga muryar mutum a ke faɗinta. An samo ta daga sunan Stentor, wani mutum cikin tsohuwar waƙar Girkawa mai suna Iliyad, wanda aka ce muryarsa ta kai ta mutum 50. Ka tuna da sankira yana shela a ƙofar fada, na ƙarshen fili yana ji ba tare da na'ura ba. Muryarsa ita ce stentorian.

Ta huɗu ita ce mai ban mamaki, domin babu ƙara cikinta ko kaɗan. In an ce mutum ya shigo with a thunderous look, bai ce uffan ba. Fuskarsa ce ta yi kamar sama sa'ad da hadari ya yi baƙi ƙirin, ruwa bai sauko ba tukuna, amma kowa ya san yana tafe. Mu ma muna da wannan. Mu kan ce, "Ya murtuke fuska," ko "Ya haɗa girar sama da ta ƙasa." Haka kuma a thunderous sky, sama ce da hadari ya haɗo, ko da cida ba ta fara ba.

Masu ba da labarin ƙwallo kuma su kan ce a thunderous shot. Ƙarfin bugun su ke nufi. Sai ka ce, "Ya narka mata ƙafa da iyakar ƙarfinsa."

Saura gargaɗi guda. Ka yi hankali da kalmar aradu cikin fassara. A wurinmu ba ƙara kaɗai ba ce, abin rantsuwa ce, mutum ya kan ce "Aradu!" don a gaskata shi. Thunderous ba ta ɗauke da wannan nauyi. In ka jefa aradu inda Bature tafi kawai ya ke nufi, ka sa masa rantsuwar da bai yi ba.

To, mai karatu, in ka gamu da kalmar nan, kada ka yi garaje. Dubi kalmar da ke biye da ita, ka tambayi kanka: ƙara ce, ko murna, ko fushi, ko ƙarfi? Sa'an nan ka ce, da Bahaushe ne ya ga abin nan da idonsa a Maiyama, ƙaƙa zai faɗe shi? Abin da zai faɗa, shi za ka rubuta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, wanda ya kawo maka takarda kuwa da abin da ka gaya masa zai koma gida.